Lafiyar Akwatinsa Ƙalau

Wata a cikinku ta rubuto min bayan abin da na saka makon jiya, ta ce in daina zagin kaina, wai so ne ya ja. Na gode, 'yar'uwa, amma ban karɓa ba. So bai buɗe bakina ya yi ƙarya ba, ni na buɗe shi da kaina. Ku bari in faɗi abin yadda ya faru, kowa ta yanke nata hukuncin.

Ga waɗanda yau suka fara bina: shekarata ashirin da tara a lokacin. Mahaifiyarmu ta rasu, ƙannena biyu mata sun yi aure sun bar gari, gidan ya rage daga ni sai Baba sai Goggo, yayarsa, wadda ta dawo wurinmu bayan rasuwar mijinta. Ɗakin ƙannena har yau gadajensu suna nan, sai dai matattun rediyoyi ne ke kwance a kai. Baba mai gyaran rediyo ne da lasifika da duk abin da ake jona wa wuta ya yi magana. Shagonsa ɗaki ɗaya ne a bakin titi, kusa da mai gyaran agogo. Tun ina shekara goma sha shida nake cikinsa. Ban yi makarantar aikin ba. Tsofaffin littattafan Baba na karanta har bangonsu ya fita, sauran kuma ƙunar dalma a yatsu ta koya min.

Akwai abin da masu kawo mana gyara ba su sani ba. Kunnen Baba ya fara tafiya. Ba kurmancewa ya yi ba, yana jin magana, yana jin kaurin sauti, amma siririn sautin nan mai tsini, wanda ke sa mutum ya runtse ido, ya daina isa gare shi. Saboda haka muka raba aiki ba tare da mun taɓa zama mun faɗa ba. Shi yana kan teburi can ciki da na'urar awonsa, ni ina kan wata 'yar gajeriyar kujera kusa da ƙofa, taku huɗu daga inda ake ajiye kaya a gwada. In an kunna abu, sai ya ɗago ya dube ni. In na gyaɗa kai, an gama. In na girgiza, ya sake buɗewa. Shekara shida bai taɓa yi min musu ba.

Ranar wata Talata da hantsi wani mutum ya shigo, rungume da amfilifayar jita. Baƙin akwati ne mai lasifika ɗaya a ciki, yadin gabansa ya yage ta kusurwa, samansa duk zoben kofin shayi. Jitar tana rataye a bayansa. Rigarsa shuɗiya ce da ta sha wanki har ta koɗe, amma an goge ta da kyau, ya naɗe hannun zuwa gwiwar hannu. Ya gaida Baba da ladabi, sannan ya juyo ya dubi yatsuna.

"Ke ce Injiniyar da aka ba ni labari?"

Da yawa suna kirana haka, amma da dariya a ƙarshen maganar. Shi babu dariya a tasa.

Ya ce su biyar ne a ƙungiyarsu, suna kiɗa a wani ɗakin taro duk Asabar da yamma. Matsalarsa ita ce in ya hau dandamali sai ya ji muryar jitarsa a dushe, kamar an danne ta da katifa. Sai ya murɗa maɓallin tsinin sauti, ya ƙara, ya ƙara, har ya kusa kai shi ƙarshe, duk da haka bai ji ta fito ba. Abin da ya ɗaure masa kai, mutanen layin gaba sai su riƙa tashi suna komawa baya, wasu suna toshe kunne. Mawaƙiyarsu ta ce yana huda mata kai. Shugabansu ya fara yi masa wani irin kallo. Ya ce ko dai akwatin yana da ciwon da ke zuwa yana tafiya, ko kuma aljanu sun tare a ciki ba su sanar da shi ba.

Baba ya ce ya kunna mu ji.

Ya dire akwatin a ƙasa, ya jingina shi da bango. Ya ciro wayar da ke haɗa jitar da akwatin, wata 'yar guntuwa da ba ta fi kamu huɗu ba. Dole ta sa ya tsaya dab da shi, ya ba shi baya, bayan ƙafarsa kusan yana taɓa yadin. Ni kuwa ina kan kujerata, kaina daidai da tsakiyar lasifikar. Ya kaɗa.

Sai da haƙorana suka amsa. Kamar an tura min allura a kunne.

Ya dube ni ta saman jitar ya ce, "Kin ji ko? Kamar daga cikin rijiya."

A take na gane, kafin ma ya gama kiɗan. Bari in yi muku bayani, don abin ba shi da wuya. Kaurin sauti bazuwa yake yi, ya cika ɗaki kamar hayaƙi, duk inda ka tsaya zai same ka. Siririn sauti ba haka yake ba. Daga tsakiyar lasifika yake fita ya miƙe sak, kamar hasken tocila. Wanda ya tsaya dab da akwatin, hasken nan ta gwiwarsa yake wucewa, kunnensa yana can sama bai samu komai ba sai kaurin. Ga shi ya manna akwatin da bango, bango kuma ƙara kauri yake yi. Sai ya ji a dushe, ya ƙara tsini, waɗanda ke zaune a gaba su sha azabar. Lafiyar akwatinsa ƙalau. Wurin tsayuwarsa ne ba daidai ba.

Magana ɗaya ce. Da na faɗe ta, da minti biyar ya ɗauki kayansa ya tafi yana sa min albarka, ban sake ganinsa ba.

Baba ya ɗago ya dube ni kamar kullum. Na girgiza kai.

"Ka bar shi mu duba," na ce. "Ka dawo Juma'a."

Kada wata ta ce min ban san abin da nake yi ba. Na sani. Na dubi mutumin da ya tambayi ra'ayina kafin ya tambayi na Baba, na tuna gidan da zan koma da magariba, faranti uku, rediyon Goggo, wayata da ba mai kiranta sai wanda lasifikarsa ta ƙone. Na zaɓi in gan shi Juma'a. Iyakar dalilin ke nan, ba wani na ɓoye a bayansa.

Juma'a ya dawo, Talata ya dawo. Da yake yana bukatar akwatin ranar Asabar, sai ya zama yana ɗauka yana dawo da shi kamar mai kai ɗa asibiti. Muka wanke maɓallan. Muka canza ramin da ake soka waya. Baba ya cire wani ɗan ƙarfe da ba abin da ya yi wa kowa ya sa sabo. Duk lokacin da aka gwada, mai jita yana tsaye a kan akwatinsa da guntuwar wayarsa, ni ina zaune ina cije haƙora, Baba ya dube ni, in ce da saura.

Bayan gwaji ba ya saurin tafiya. Yakan zauna a kan wata tsohuwar talabijin da mai ita ya manta da ita, in kawo shayi, ya ba ni labarin mai gangarsu da ke barci ido buɗe, da yadda ya koyi jita a hannun yayansa, wanda ya rasu ya bar masa wannan akwatin. Ya ce shekara goma sha huɗu yana kaɗawa, har yanzu in ya ga mutane da yawa tafin hannunsa gumi yake yi. Ni ma na gaya masa abin da ban taɓa gaya wa kowa ba, cewa in shago ya yi shiru nakan kunna rediyo a inda babu tasha, don dai in ji wani abu yana huci a ɗakin.

Saƙonninsa har yau ban goge ba.

"Injiniya, yaya majinyacinmu?"

"Yana samun sauƙi."

"A ba shi shayi mai kauri. Kada a bar shi ya yi hira da talabijin ɗin nan, muguwar abokiya ce."

Nakan karanta su a kicin ina juya abinci, in sake karantawa ina wanke kwanuka. A sama da su kuwa akwai saƙon mai kemis ɗin layinmu, wanda ya yi wata takwas yana nemana. Ƙarfe bakwai na kowace safiya: "Barka da asuba. Da fatan kin tashi lafiya. A gaida Baba." Ko harafi ɗaya bai taɓa canzawa ba. Ba zan ɓata shi don labarina ya yi daɗi ba. Mutumin kirki ne, mai haƙuri, bai taɓa yi min ƙarya ba, wanda ni ba zan iya faɗin haka a kaina ba.

Na daina sa tsohuwar rigar Baba da nake aiki da ita. Ranar Talata da Juma'a sai koren mayafina mai ɗan zare a baki, da doguwar rigar da na ɗinka don bikin ƙanwata ban sake sawa ba. Mace mai aikin dalma da koren mayafi. Goggo ba ta bari ya wuce ba. Wata safiya ina gaban madubi ta leƙo tana riƙe da carbinta.

"Wannan mai akwatin, wai akwatin ne ba lafiya ko ke?"

Na ce gyara ne mai wuya. Ta ce ita dai tun da take, ba ta taɓa ganin gyaran da sai an sa kwalli yake kamawa ba. Sannan ta zauna a bakin gado ta sauke murya. Ta ce 'yan'uwan mai kemis sun sake tuntuɓarta. Ba za ta ɗaure ni ba, ni ba yarinya ba ce, amma rashin mutunci ne a bar bawan Allah wata takwas a tsaye ba eh ba a'a. In mai akwatin yana da magana, ya faɗa. In kuwa akwati kawai yake kawowa, in san cewa akwati kawai yake kawowa. Na ji haushinta kwana biyu. Gaskiya ta faɗa, shi ya sa.

A mako na biyar mai jita ya shigo ba wasa a fuskarsa. Bai zauna a kan talabijin ba. Ya ce Asabar da ta wuce layi biyu suka tashi, har mai ɗakin taron ya yi magana. Shugabansu ya kira shi gefe ya ce wannan Asabar ce ta ƙarshe, in aka sake tashi, akwai wani mai jita da ya daɗe yana jiran wurin.

Ya tsaya yana kallon tafin hannunsa.

"Injiniya, kun yi iya ƙoƙarinku. Na fara tunanin ba akwatin ba ne. Wataƙila ni ne ban iya ba, yayana ne kawai yake rufa min asiri."

Ku ji abin da na yi. Mutum yana tsaye a gabana yana rushe shekara goma sha huɗu na rayuwarsa, maganin yana kan harshena. Na ce ya bar shi, ya dawo Juma'a. Tsoro ne ya kama ni, ba na rasa shi kaɗai ba, har da na ya gane. Ƙarya in ta kwana biyu, ba abin da ta fara karewa take karewa ba, kanta take karewa.

Da ya fita, Baba ya zare ƙarfen dalmarsa daga wuta. Ya taso a hankali, ya ce in ba shi wuri. Tun da nake ban taɓa ganinsa a kan kujerata ba. Ya zauna, gwiwoyinsa suka yi ƙara, ya daɗe yana kallon tsakiyar lasifikar. Sannan ya kalli gefen akwatin, inda takalmin mai jita ya bar sawu a siminti.

"Wayarsa gajera ce," ya ce.

"Eh, Baba."

"A kansa yake tsayawa."

"Eh."

Ya ce ya auna kowane lungu na akwatin nan sau uku, na'ura tana ce masa lafiya, ni ina ce masa da saura, sai ya ƙaryata na'urar. Har ya fara tunanin idonsa ma ya bi kunnen. Bai ɗaga murya ba. Da ya ɗaga da ya fi min sauƙi.

"Kunnena ne ya mutu, ba hankalina ba. Na ba ki amanar abin da na rasa, kika yi wasa da mutum biyu da shi. Ba zan tambaye ki tun yaushe kika sani ba. Shi zai tambaya. Ki shirya amsa."

Ranar bai sake dubana ba har muka rufe. Aka kawo wata rediyo, ya gyara, ya kunna, ya miƙa wa mai ita ba tare da ya ɗago kai ba.

Juma'a na sa tsohuwar rigar Baba. Tun da safe na yanki waya mai tsawon taku takwas, na liƙa mata kai biyu da hannuna. Da mai jita ya zo na ce ya saita maɓallansa yadda ya saba, na karɓi guntuwar wayarsa na ba shi doguwar. Na tashi daga kujerata.

"Zauna nan ka kaɗa."

Ya yi murmushi, ya ce yau kuma an ɗaga masa matsayi. Ya zauna, ya ɗora jitar a cinya, ya kaɗa da ƙarfinsa.

Kansa ya yi baya kamar an mare shi. Ya dafe kunne, ya kalli akwatin kamar bai taɓa ganinsa ba.

Na ce ya miƙe tsaye a wurin ya sake. Ya sake, tsinin ya ragu. Na ce ya matsa gefe taku biyu. Ya ragu sosai. Na ce ya koma inda ya saba tsayawa. Ya koma, ya kaɗa, ga rijiyarsa nan ta dawo. Sai ya fara zagaya shagon yana jan waya, ya tsuguna, ya miƙe, ya shiga kusurwa, ya leƙa bakin ƙofa, ko'ina yana kaɗa abu ɗaya yana jin abu dabam. Dariya yake yi, idonsa ya ciko.

"Wannan azabar nake ba mutane? Wallahi layin gaba sun yi min kara da ba su jefe ni ba."

Na janye akwatin daga bango. Na ɗauko katakon da Baba ke tokare ƙofa da shi, na cusa a ƙarƙashin gaban akwatin, ya kwanta baya kaɗan yana kallon sama, daidai kan mai tsayuwa. Na mayar da maɓallin tsini daga tara zuwa huɗu. Na ce ya ja baya taku uku, ya ɗan fuskance shi.

Ya kaɗa wani abu a hankali. Mako biyar ina jin mutumin nan yana kiɗa, sai ranar na ji yadda ya iya. Mai gyaran agogo ya zo ya tsaya a ƙofa da gilashinsa a goshi. Ni ina jingine da bango, na san abin da ke tafe, ina roƙon kiɗan ya yi tsawo.

Ya tsaya. Ya ɗora tafinsa a kan igiyoyin. Ya kalli kujerar, ya kalli lasifikar, ya sake kallon kujerar.

"Nan kike zama kullum."

"Eh."

"Har ranar farko."

"Eh."

"To tun yaushe kika sani?"

Zan iya cewa jiya. Da ya yarda, don yana son ya yarda, na ga haka a fuskarsa. Baba ya ba mu baya a teburinsa, amma hannunsa ba ya motsi.

"Tun kafin ka gama kiɗan farko."

"Me ya sa?"

"Don ka dawo."

Mai agogo ya sulale ya koma shagonsa. Na yi zaton mai jita zai yi faɗa, na ma shirya masa. Bai yi ba. Ya naɗe wayar a hankali, zagaye bayan zagaye.

"Mako biyar ina kallon hannuna kamar na wani," ya ce. "Har kabarin yayana na je na ba shi haƙuri."

Ya gode wa Baba, ya nemi aron katakon, Baba ya ce ya ɗauka. Ya rungumi akwatinsa ya fita. Shayin da na haɗa masa ya huce a kan talabijin.

Ranar Asabar na wuni a kujerata. Saƙon ƙarfe bakwai ya zo kamar kullum. Bayan la'asar sosai wayar ta yi motsi a cinyata, saƙon mai jita ne.

"Ba wanda ya tashi. Ki gaya wa Baba."

Na gaya masa. Ya ce alhamdu lillahi, ya ci gaba da aikinsa. A gida Goggo ta dubi rigar da ke jikina, ta dubi fuskata, ba ta yi zolaya ba. Ta ce kawai ta gaya wa mai kemis ya zo Laraba bayan la'asar ya ji amsarsa daga bakina, ko wace iri ce.

Litinin da na zo buɗe shago na tarar da katakon a bakin ƙofa. Mai jita ya zo tun kafin mu fito, don kada mu haɗu. An goge shi tas, an ɗaure wata 'yar takarda a jikinsa da tsinkakkiyar igiyar jita.

"Ban huce ba tukuna. Amma Laraba ƙarfe huɗu muna gwaji a ɗakin taron, ina bukatar wanda zai zauna a layin gaba ya faɗa min gaskiya."

Na miƙa wa Baba. Ya sa tabarau ya karanta, ya miƙo min.

"Kunnenki yake nema," ya ce. "Kada ki ƙara masa abin da bai rubuta ba."

Laraba ƙarfe huɗu, daidai lokacin da Goggo ta sa wa mai kemis. Na tokare ƙofa da katakon, na zauna a kujerata. Gabana babu komai sai bango da sawun takalmi a siminti. Na buɗe takardar na sake karantawa, gaba da baya, ina neman inda ya ce Injiniya.

Babu.